Tambaya da Amsa: Daga Agege Zuwa Gwanja

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kuma gidanmu gidan goro ne tun iyaye da kakanni. Bayan babbar salla nakan sami sarari na kamar mako biyu, kuma bana ina so in fita ganin duniya tare da babban ɗana. Abokaina ba su da zance sai Dubai da Turkiyya, ni kuwa kuɗin jirgi da wahalar biza sun fi ƙarfina, sannan wurin da ke da tarihi nake so, ba wurin kantuna ba. Ina kuke ganin ya kamata mu nufa?
Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce ku nufi yamma ta mota, ku bi gaɓar teku har Gana, sannan ku haura arewa zuwa ƙasar Gwanja, inda magabatan masu sana'arka suka shafe ƙarni da dama suna fatauci. Tafiyar ba ta buƙatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin da Togo da Gana ya zauna har kwana 90. Abin da za a nema a hannunku shi ne fasfo wanda wa'adinsa bai ƙare ba, da katin rigakafin cutar shawara, sai kuma haƙuri a kan iyakoki, tun daga Seme.

Mutanenmu da yawa sun san Kwatano a matsayin kasuwar motoci da atamfa kawai, su sauke, su saya, su juyo. Ku ba Benin kwana biyu. A Porto-Novo, wadda ita ce babban birnin ƙasar a hukumance, akwai babban masallacin da zuriyar bayin da suka dawo daga Birazil suka gina a farkon ƙarni na 20, kuma wanda ya hango fuskarsa mai launuka daga nesa zai iya rantsewa coci ne, domin fasalin cocin birnin Salvador na Birazil aka ɗauko. Kafin ku bar Legas ku leƙa masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins a cikin tsibiri, wanda aka buɗe a 1894, don yaronka ya ga cewa hannun maginan nan ya taɓa garin da aka haife shi. Daga Abomey-Calavi kuma, kusa da Kwatano, ana shiga kwalekwale zuwa Ganvie, garin da ke tsaye a kan turaku a tsakiyar tafkin Nokoue. Mutanen Tofinu ne suka kafa shi don tsere wa mayaƙan tsohuwar masarautar Dahomey masu kamun bayi. Ku je da sassafe, lokacin da mata ke cin kasuwa daga jirgi zuwa jirgi, mai tumatir ta matso da nata kusa da na mai kifi, a yi ciniki ba wadda ta taka ƙasa.

Togo ba ta da faɗi ta bakin teku, za ku ratsa ta cikin ɗan lokaci. Daga Akra ku wuce Kumasi, ku kwana a unguwar Zango, inda Hausa za ta ishe ku neman masauki da abinci da masallaci, daga nan ku kama hanyar Tamale. Salaga, tsohuwar kasuwar ƙasar Gwanja, tana da nisan kusan kilomita 120 daga Tamale, kuma ita ce zuciyar wannan tafiya. A ƙarni na 19 nan ne ayarin fataken ƙasar Hausa, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, ke yada zango bayan watanni a hanya, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na gaba, su koma Kano da goron da aka fito da shi daga dazukan Asante, masarautar da ke Kumasi. Kasuwar ta fara ja baya ne bayan Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, sai yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake da malamai zuwa wasu garuruwa. Daga bisani goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, hanyar da Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara cin moriyarta, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911, Agege ta tashi a matsayin mahaɗar masu goro. Ka ga ke nan faɗuwar Salaga tana cikin dalilan zaman gidanku inda yake a yau.

Kada ka yi tsammanin manyan gine-gine. Salaga ta yau ƙaramin gari ne, abin gani a cikinta tsofaffin rijiyoyi ne da filin da aka yi kasuwar bayi, domin ban da goro an sayar da 'yan Adam a can, kuma fataken Hausa suna cikin masu saye. A ganina bai dace a nuna wa yaro ɓangaren alfahari a ɓoye masa wannan ba. Ku nemi dattawan Zango ku gaishe su, ku yi tambaya game da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi ya zama limami har rasuwarsa a 1934, ya bar waƙoƙi na Hausa da Larabci, ciki har da wadda ya yi kan zuwan Nasara.

Idan kwanaki sun rage, ku ƙarasa Larabanga kusa da gandun dajin Mole. Masallacin garin ɗan ƙarami ne na ƙasa, an shafe shi da farar ƙasa, itatuwa sun fito daga jikin bangonsa, da tsohuwar kuka a gefensa, kuma mutanen garin suna cewa tun 1421 aka gina shi. An taɓa yaɓa masa siminti da nufin gyara, sai simintin ya riƙe danshi, gara ta shiga itatuwan, har sai da aka kankare shi aka koma yaɓen ƙasa irin na da. Gargaɗi ɗaya: kada sha'awar bin sawun ayari ta sa ku dawo ta arewacin Togo da Benin, domin yankunan da ke iyaka da Burkina Faso suna fama da hare-hare. Ku komo ta hanyar da kuka bi.

TAMBAYA: Ni malamar Islamiyya ce, na yi Umra, kuma ina so in ziyarci wani tsohon birnin Musulunci a Afirka inda mace za ta sake da hijabinta. Wanne ya fi?
Daga wata mai karatu a Idi-Araba, Legas.

AMSA: Malama, Harar da ke gabashin Habasha nake ba ki shawara. Birni ne mai ganuwa wadda aka gina a ƙarni na 16, da tsofaffin ƙofofi 5 da masallatai 82 a cikin lunguna masu ƙunci, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Yana kan tudu, saboda haka ki tafi da abin sanyi. Ki roƙi a shigar da ke ɗaya daga cikin gidajen gargajiya, inda za ki tarar da bangon zaure a lulluɓe da faifai masu launi da kwanoni, kamar jeren ɗakin amarya a Kano. Da dare akwai masu ciyar da kuraye da nama a bayan ganuwa, wanda baƙi ke rububin kallo, ko da yake ni gidajen da masallatan sun fi burge ni. Akwai jirgi kai tsaye daga Legas zuwa Addis Ababa, daga can a sake hawa zuwa Dire Dawa, sannan a ƙarasa da mota tafiyar kimanin kilomita 50. Habasha tana neman biza daga 'yan Najeriya, saboda haka ki kammala wannan, ki kuma bincika halin tsaron yankin, kafin ku yanki tikiti ke da muharraminki.