Tambaya da Amsa: Sarin Faifan CD Don Kwafe Karatun Mahaifi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana kaset 120 na karatun da yake bayarwa a zaure tsakanin magariba da lisha, galibinsu masu minti 90. Wasu rediyo ta fara cinye musu zare, shi ya sa nake son in mayar da su kan faifan CD a gida, in raba wa 'yan'uwana da almajiransa. Na je kasuwa na tarar ana sayar da emti hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, wasu da araha ƙwarai, wasu kuma an rubuta musu cewa na sauti ne, kuɗinsu ya fi yawa. Wanne ya kamata in sara, kuma guda nawa? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Malam, ya sa karatun da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana, kai kuma ya saka maka da alheri.

Kafin ka koma kasuwa, zauna ka yi lissafi, domin shi ne zai gaya maka yawan abin da za ka sara. Faifan CD na yau da kullum yana ɗaukar megabait 700, wanda ya yi daidai da minti 80 idan an naɗa shi a matsayin faifan sauti irin wanda kowace rediyo mai CD take karantawa. Kaset mai minti 90 kuwa minti 45 ne kowane gefe, saboda haka gefe biyu ba za su shiga faifai ɗaya ba, sai dai ka yanke karatun a tsakiya, abin da ba na ba ka shawara. Idan ka ba kowane gefe faifansa, kwafi ɗaya tak na kaset ɗin Malam zai ci faifai 240. Amma idan ka mayar da sautin MP3 mai matsakaicin nauyi, faifai ɗaya zai ɗauki kimanin awa 12, kuma karatun duka, wato kimanin awa 180, zai shiga cikin faifai 15 ko 16. Sharaɗin kawai shi ne na'urar waɗanda za ka ba ta iya karanta MP3. Yawancin na'urorin DVD suna karantawa, tsofaffin rediyoyi kuwa ba sa yi. Tambayi 'yan'uwanka da me za su saurara tukuna.

Batun faifan da aka buga masa kalmar "Music" ko "Audio" a kwalinsa, kada ya ruɗe ka. Ba wai sautinsa ya fi daɗi ba ne. Asalinsa wata doka ce da Amurka ta yi a 1992, wadda ta ɗora wani ɗan kaso na haƙƙin mawaƙa a kan kayan naɗar sauti na gida, sai aka riƙa sa wa irin wannan faifai wata alama a cikinsa, kuma rakodar CD ta gida mai zaman kanta ba ta karɓar faifan da ba shi da ita. Idan da kwamfuta za ka yi aikin, CD-R na gama-gari, wato emtin faifan da ake naɗawa sau ɗaya, ya wadatar da kai. Ka kuma guji CD-RW, wanda ake gogewa a sake naɗa, domin hasken da yake mayarwa ba shi da ƙarfi, kuma tsofaffin na'urori da dama ba sa ganinsa.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne wajen inganci. Faifan da ake naɗa a gida ba irin wanda kamfani yake bugawa ba ne. A cikinsa akwai wani siririn rini da hasken leza yake ƙonawa ya bar tabo, tabon nan shi ne muryar Malam, kuma rini abu ne da zafi da rana da laima suke ci a hankali. Sunan da ke jikin kwali kuma ba lallai ya nuna maka wanda ya ƙera ba, domin masana'antun da suke yin faifan 'yan kaɗan ne, irin su CMC Magnetics da Ritek na Taiwan, sauran kuwa saye suke yi su buga sunansu. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda masu wannan harka suka daɗe suna yabawa, ya daina ƙerawa tun ƙarshen 2015, shi ma kamfanin faifai na Verbatim ya koma hannun CMC a 2019. Ga kuma wata matsala ta zamaninmu: tun da waya da memori suka karɓe kasuwa, cinikin faifai ya ja baya, har yana yiwuwa abin da aka miƙo maka ya shekara da shekaru a shago ƙarƙashin kwano yana shan zafin bazara, alhali masu ƙerawa kan ƙiyasta wa emti shekara biyar zuwa goma ne kafin a yi amfani da shi.

Saboda haka kada ka sari ɗari biyu rana ɗaya, kome daɗin ragin da aka yi maka. Sayi goma daga cikin irin da kake son sara, ka ɗaga kowanne ga hasken taga ka duba ko akwai ƙananan huji, ko dabbare-dabbare, ko ɓawo a gefe. Sannan ka naɗa su a kwamfuta ka zaɓi gudun naɗi mai sauƙi, kamar 16, ko da an rubuta 52 a jikinsu, ka bar manhajar naɗin ta tantance abin da ta rubuta, ka kuma tabbata ta rufe faifan, wato ta kammala shi yadda ba za a ƙara masa kome ba, domin wanda ba a rufe ba yakan ƙi tashi a rediyo. Saurari ɓangaren ƙarshe na kowane faifai musamman, saboda naɗin daga tsakiya yake farawa ya fita zuwa baki, kuma a bakin ne faifai maras kyau ya fi tsalle. In goman nan sun fita lafiya a na'ura biyu ko uku, koma wurin mai shagon ka karɓi mai hamsin wanda ledarsa ba a fasa ba.

Wajen ajiya, mutane da yawa suna tattalin ƙasan faifai su manta da samansa, alhali saman ne ya fi rauni, domin ɗan shafe ne kawai ya raba shi da inda sautin yake. Kada ka rubuta da biro, kada ka manna takarda. Yi amfani da alƙalamin maka mai taushin baki. Sa kowanne a gidansa, ka jera su a tsaye cikin akwati nesa da taga, kuma idan ƙurar hunturu ta hau, share da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa waje, ba kewaye ba.

Abu na ƙarshe da nake roƙonka shi ne kada faifai ya zama shi kaɗai ne inda muryar Malam take. Lokacin da kake ɗauko sautin daga kaset zuwa kwamfuta, da manhaja irin su Audacity wadda kyauta ce, adana shi da cikakken nauyinsa a rumbun ajiya guda biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, sannan daga nan ka riƙa fitar da faifan rabo. Fara da kaset ɗin da suka fara lalacewa, kuma bayan ka gama kada ka zubar da ko ɗaya daga cikinsu.