Furen tumatirinka na zubewa? Zafi ne

Ƙanena, ka ce ka shuka tumatir a bokiti cikin watan Maris, ya yi ganye shar, amma da ya yi fure sai furen ya kakkaɓe. Ba laifin hannunka ba ne, zafin bazara ne. Idan rana ta wuce digiri 35, dare kuma bai huce ba, furen ba ya ɗaurewa. Shi ya sa manoman Kadawa a Kano suke nomansa lokacin sanyi.

Ka jira Oktoba ka yayyafa iri, Roma ko UC82B. Bayan mako 4 ka dasa da yamma, tushe ɗaya tal a bokiti mai lita 20 da ka huda gindinsa. Ka gauraya ƙasar da tsohon takin dabbobi. Ɗanye na ƙona saiwa, ni ma na taɓa asarar tushe biyar a haka, na ji zafinsa sosai.

Ban ruwa da safe, a gindi, kada ka jiƙa ganyen. Ka kafa masa sanda. Kullum ka riƙa duba ganye, in ka ga farin zane kamar hanyar tsutsa, ka tsinke shi ka ƙona nan take.