Matar soja mai son waƙa: yadda sana'a za ta bi ki duk inda aka tura maigida

'Yar'uwa, kin ce kina waƙar biki a Garwa ta ƙasar Kamaru, ga shi an mayar da maigida Mora, kina tsoron sana'ar ta mutu. Ba za ta mutu ba, in dai ba ki ɗaure ta da gari ɗaya ba.

Kafin ki tashi, ki je situdiyon da kika yi aiki da su ki karɓi waƙoƙinki, murya daban, kiɗa daban, ki zuba a filashi biyu. Nan mata da yawa ke tafka asara: sai an yi nisa a nemi waƙa, mai situdiyo ya ce kwamfuta ta lalace.

Waƙar amarya kuma ana yinta daga gida. A turo sunaye ta WhatsApp, ki karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo. Wajen ɗauka ki kashe fanka, ko da zafi na cin ki, ki rataya bargo a bango saboda amsa-kuwwa, makirfo ya yi tazarar taƙi ɗaya da bakinki. Ya fi haka kusa, numfashi zai ɓata sautin.

Kada ki ɗauki bidiyo a bariki ko kusa da kakin maigida, kada kuma ki faɗi inda aka tura shi, ko a waƙar yabo. Yankin Mora ba wurin wasa da wannan ba ne. Maigida ya tambayo manyansa abin da aka yarda.

Rajistar waƙoƙi kuwa ta SONACAM ce, wato ƙungiyar kare haƙƙin mallakar mawaƙa ta Kamaru. Duk takardar da furodusa ya miƙo miki, lauya ya karanta kafin ki sa hannu.