Shari'ar Musa ta hau kan mu da ba Yahudawa ba?

Ɗan'uwa, ka ce maƙwabcinka a Aboabo ya tare ka: me ya sa Kirista ba sa bin dokokin abinci da kaciya na Attaura, alhali Yesu Bayahude ne?

Wannan gardamar ta girme mu. A Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna yadda wasu suka je Antakiya suna cewa ba ceto sai da kaciya. Bulus da Barnaba suka kai maganar Urushalima. Bitrus ya miƙe ya ce kada a ɗora wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, karkiyar da kakannin Yahudawa ma suka kasa ɗauka, domin Bayahude da wanda ba Bayahude ba duk ta alherin Yesu za su tsira. Abin da aka bar musu kaɗan ne: su guji naman gumaka, jini, maƙararriyar dabba da fasikanci.

Ni dai ina ganin shari'a kamar madubin wanzami ce a kasuwar Kejetia: tana nuna maka dattin fuskarka, amma ba ta wanke ka. Sai dai kada ka ce alheri lasisin zunubi ne, wasiƙar Romawa sura 6 ta rufe wannan ƙofar tun ayoyi biyu na farko.