Me Ya Sa Manoman Tuffa A Aomori Ke Tsige Ganye Da Kaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga hotunan gonakin tuffa na Japan, mutane na tsige ganye, ƙasa kuma an shimfiɗe ta da wata leda mai sheƙi. Mene ne amfanin hakan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, wannan aikin kaka ne da aka san Aomori da shi, a arewacin tsibirin Honshu, musamman gonakin Hirosaki da ke gindin dutsen Iwaki. Daga Aomori fiye da rabin tuffar Japan ke fitowa. Duk wahalar nan ta neman ja ce. Fatar tuffa ba ta yin ja sai inda rana ta taɓa, sanyin dare kuma ya ƙarasa aikin. Ganye ɗaya ya kwanta a kanta, sai ya bar tabo kore da siffarsa, farashi ya faɗi.

Ɗauki irin tuffar da ake kira Fuji, wadda ake tsinka a farkon Nuwamba. Idan an sa mata jakar takarda mai ruɓi biyu tun tana ƙarama, a ƙarshen Satumba ake cire ruɓin waje, na ciki kuma bayan kwana uku zuwa biyar. Ba a yi da sassafe, domin fatar da ta kwana cikin sanyi in rana ta buge ta gaba ɗaya ƙonewa take yi.

Ganye kuwa sau biyu ko uku ake bi, a fara da wanda ya manne wa 'ya'yan. Nan masu gaggawa ke ɓata aiki: ganye ne ke yi wa tuffa sukari, in aka tsige da yawa da wuri sai ta yi ja amma ba zaƙi. Idan gefe ɗaya ya rine, sai a juya kowace tuffa da hannu a kan reshenta, a hankali, don ɗan karan da ke riƙe da ita kan karye. Ledar ƙasa tana mayar da haske ne zuwa gindin tuffar.

Ni a ganina kyan ido ake saye, ba daɗi ba. Wadda ba a sa wa jaka ba, Sun Fuji, ta fi zaƙi, sai dai mai jaka ta fi daɗewa a ɗakin sanyi, har bazara ana sayar da ita.