Tambaya da Amsa: An kama ɗana yana rubuta wa abokinsa jarrabawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Rigasa, ɗana na fari yana shekarar ƙarshe ta difloma a wata kwaleji nan Kaduna, sai ga shi ranar jarrabawa an kama shi da katin shaidar abokinsa ya zauna yana rubuta masa wani kwas da abokin ya yi kariyoba, wato ya faɗi yana maimaitawa. Wallahi yaron nan ko sigari bai taɓa sha ba, tausayi ne kawai ya ja shi. Yanzu an ba shi takarda ya bayyana gaban kwamitin ladabtarwa, shi kuma ya ce kunya ba za ta bar shi ya je ba. Ga wani mutum ya zo mana wai yana da hanya a ciki, in mun kawo kuɗi zai sa a ɓatar da fayil ɗin. Babansa ya rasu, da kuɗin ɗinki na kai shi nan. Don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya ba ki ladan ɗawainiya. Bari na fara da mai hanya: kar ki ba shi ko sisi. Ranar da aka kama yaro, masu sa ido sun rubuta rahoto sun sa hannu, an ƙwace takardar amsa da katin, labari ya riga ya wuce tebur ɗaya. Kuɗinki zai ci, daga baya wayarsa ta daina shiga, in kuma asiri ya tonu an ƙara wa yaron laifin cin hanci a kan na farko.

Sai kuma gaskiyar da ba za ki so ji ba. A duk nau'in magudin jarrabawa, zama wa wani yana cikin mafi nauyi, ba kamar leƙen takardar na kusa ba ne. Makarantu da yawa hukuncinsa a littafin dokar ɗalibai kora ce, ga mai rubutun da wanda aka rubuta wa. Kuma ba dokar makaranta kaɗai ya taka ba, akwai dokar hana magudin jarrabawa ta tarayya ta 1999 da ta sa wannan cikin laifukan da ke kai mutum ɗaurin shekara 3. Galibi makarantu ba sa kai wa can, a cikin gida suke gamawa, amma ki san da zamanta kafin wani ya zuga ki da maganar kotu.

Ya je gaban kwamitin nan, ko ƙafarsa na rawa. In bai je ba za a yanke hukunci a bayansa, kuma ya zubar da babban haƙƙin da yake da shi, wato a saurare shi, wanda sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Wannan ba wasa ba ne, a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar da Jami'ar Maiduguri ta yi wa wasu ɗalibai bayan wata tarzomar ɗalibai da aka yi a jami'ar a 1983, saboda ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba, ga shi wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Amma fa Hajiya su sun musa laifin ne, naki an kama shi hannu dumu-dumu, don haka ni ban ga amfanin ƙaryatawa ba, sai ma ta ɓata wa ƴan kwamiti rai.

Ya nemo littafin dokar ɗaliban da aka ba su lokacin rajista (na san yawancinsu ba sa ko buɗe shi, yana can ƙasan akwati), ku karanta sashen jarrabawa tare, ku ga ko akwai dakatarwa ta zango ɗaya ko biyu, abin da suke ce wa rastikeshin, a maimakon kora. Ya rubuta bayaninsa da hannunsa, gajere, ya amsa laifi, ya faɗi cewa wannan ne karo na farko, in bai karɓi ko kwabo ba ya faɗa, ya riƙe kwafi. Ya ga shugaban sashensu da ofishin harkokin ɗalibai kafin ranar, a ofis, da rana tsaka.

In hukunci ya fito bai yi daɗi ba, akwai ɗaukaka ƙara zuwa hukumar gudanarwar makarantar, sai dai ana ba da wa'adi, kwanaki ne kawai, ku duba takardar da kyau kar ya wuce ku. In kuma kun ga an tsallake ƙa'ida, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tana da ofis a Kaduna, kuma ba a biyan kuɗi.

Idan korar ta tabbata, sakamakonsa na sakandare yana nan babu wanda ya taɓa shi, zai iya sake yankar fom ɗin JAMB ya faro daga farko. Ki sa masa ido cikin makonnin nan, kar a bar shi shi kaɗai a ɗaki, ki kira kawunsa ko wani babba da yake jin nauyi ya raka shi har bakin ƙofar kwamitin.