Tambayoyinku: Waya Mai Zafi da Jirgi Mai Dogayen Ƙafafu

Tambaya: Wayata tana ɗaukar zafi sosai idan tana caji. Me zan yi? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Hajiya, daina kallon TikTok tana jone a wuta, ki cire mata rigar robar nan, ki nemi caja ta ƙwarai. In batirin ya kumbura, sai wurin mai gyara.

Tambaya: Ina buga wasan yaƙi na War Thunder a kwamfuta. Tsofaffin jiragen yaƙin ƙafafunsu dogaye, hanci ya ɗaga sama, ba na ganin gabana, kuma da na fara gudu sai farfela ta daki ƙasa. Wani ya turo mini fayil da zai gyara matsalar. In sauke? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Kada ka sauke, ɗan'uwa. Wannan ɗabi'a tana ƙona mini rai: abu ya gagari mutum, sai ya ce manhaja ce ta lalace, ya je ya kwaso fayil daga hannun wanda bai sani ba, gobe a rubuto mini an sace asusu. Wasan lafiyarsa lau. Haka aka ƙera jiragen.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu injuna sun yi ta ƙara ƙarfi, babban inji kuwa sai babbar farfela, in ba haka ba ƙarfin ya tafi a banza. Dubi F4U Corsair na Amurka, wanda ya fara tashi a 1940. Injinsa R-2800 yana ba da ƙarfin doki wajen 2,000, farfelarsa kuma faɗinta ƙafa 13 da inci 4, wato kimanin mita 4. Dole a ɗaga jirgin yadda bakinta ba zai taɓa ƙasa ba, musamman da yake yawancin jiragen zamanin ƙaramar tayarsu a wutsiya take. Idan gudu ya kankama wutsiya ta tashi, hanci yana sunkuyowa, farfela ta ƙara kusantar ƙasa. Daidai nan kake fasa taka.

Doguwar ƙafa kuma ba kyauta ba ce. Tana da nauyi, tana saurin karyewa idan an sauka da ƙarfi a kan jirgin ruwa mai dakon jirage, sannan sai an samo mata wurin naɗewa a cikin fiffike, inda bindigogi da harsasai suka riga suka cika. Kowane kamfani da dabararsa. Masu Corsair sun lanƙwasa fiffiken ƙasa, suka dasa ƙafar a gwiwar lanƙwasar don kada ta yi tsawo da yawa, ba don ado ba kamar yadda 'yan Facebook ke faɗa. A P-47 Thunderbolt ƙafar tana ƙaruwa da inci 9 idan ta fito, ta tsuke idan za ta koma. F8F Bearcat kuwa haƙura aka yi aka ba shi dogayen ƙafafu masu gaɓar da ke naɗewa, shi ya sa yake tsaye kamar zalɓe.

Har bayan an bar farfela an koma injin jet ba a rabu da abin ba. F7U Cutlass doguwar ƙafar gaba aka yi masa don fiffike ya samu kusurwar da zai tashi daga gajeren filin tashi na kan jirgin ruwa mai dakon jirage.

Maganar ba ka ganin gaba, matuƙan gaske ma ba sa gani. Karkacewa suke yi dama da hagu suna leƙe ta gefe har su kai titin tashi. Ka yi haka. Ka riƙa ƙara wuta a hankali, ka bar wutsiya ta tashi da kanta, kuma kada ka danne birki gaba ɗaya, jirgin zai kife da hanci. Sannan don Allah sayi sandar tuƙi, ko da ta hannu ce. Tuƙa Corsair da linzamin kwamfuta wahalar da kai ne kawai.

Tambaya: WhatsApp ya cinye mini wuri a waya. (Wani mai karatu daga Kumasi)

Amsa: Alhaji, shiga saitin ma'adana ka kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, ka goge manyan fayiloli. Zaurukan da kake ciki ma sun yi yawa, fita daga rabinsu.